Mayar da Shi Sama

Daga Tampuyi, Wagadugu.

Zuwa ga 'yata Rakiya, mai sunan uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki Isufu, da Nafisa, da ɗan autanki Sadiku mai ɓoye mini takalma. Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Allah ya kai ku Kanada lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin masauki, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki.

Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, idanuna ne suka fara yi mini gardama. Na san kuma karatun Hausa yana ba ki wahala, kina tuntuɓe a kan ƙa da ɗa. Ki daure ki kai ƙarshe. Da baki na so in faɗa miki, amma kullum kika zo hankalinki yana kan biza da akwatuna, ni kuma kin san halina, in na buɗe baki da nasiha sai ta fito da faɗa. Takarda dai ba ta ɗaga murya.

Maganar Juma'ar da ta wuce ce. Kin tuna Nafisa ta taka kujera ta zaro littafi daga kwalin da ke kan armuwar ɗina, dogon kabad ɗin kayana. Ta zauna a kan tabarma a lungu, ta manta da duniya, har zomkom ɗin da aka zuba mata, ruwan geron nan na sha, ƙudaje suka gama da shi. Kika shigo, kika fizge littafin, kika ce, "Wa ya ba ki? Mayar da shi sama!" Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta mayar miki da magana ba. Ta hau kujera ta mayar, ta goge hannunta a jikin zane, ta fita tsakar gida.

Uwata, wallahi muryata na ji a bakinki. Kalmomina ne, har yadda kika ja "sama" ɗin. Kuma na san wannan shirun na Nafisa, na taɓa ganinsa a fuskar wanki Habibu. Tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Yarinya ce 'yar shekara goma sha uku, za ki raba ta da ƙawayenta da unguwarta, ki kai ta inda ba ta da kowa sai ku. In ta rufe miki bakinta a can, ba ki da wata ƙofa da za ki bi ki same ta. Shi ya sa na ɗauki bik in rubuta miki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan gaya miki inda kalmar nan ta fito da abin da ta ci mini.

A Zongo muka tashi da wata al'ada. In ka ga takarda mai baƙin Larabci a ƙasa, sai ka ɗauka ka kaɗe ta, ka soke ta a tsagar bango ko ka ɗora a wuri mai tsawo. Al'ada ce mai kyau, don girmama sunan Allah aka yi ta, kuma har gobe ina yin ta. Amma kakanki Malam Garba, bayan karantar da allo, yana rubuta Hausa da waɗannan baƙaƙen. Ya rubuta labaran da ya ji daga ubansa na hanyar goro, daga Kano har Gwanja, da waƙoƙin da fatake ke yi wa jakuna in sun gaji, da tatsuniyoyin kura. Bayan la'asar yakan zauna a zaure ya karanta mana, mu yi ta birgima don dariya. Akwai na wani jaki da ya saki iska a gaban mai karɓar kuɗin fito, har aka yafe wa ayarin don a rabu da su. Ki gaya mini, wace alwala ake yi wa wannan?

Da ya rasu na tattara takardun duka, na addini da na dariya, na zuba a gafaka na rataye a azara. Na san sarai abin da ke ciki. Amma baƙaƙen Larabci ne, ubana ne kuma ya rubuta, sai na ga hannun yaro bai isa ya taɓa ba. Habibu yana ƙarami ya taɓa tura gafakar da sanda ta faɗo. Na buge masa hannu na ce, "Ka yi alwala? Mayar da shi sama!" Na riƙa ce wa kaina wata rana zan zaunar da ku in karanta muku. Keken ɗinki bai taɓa ba ni wannan ranar ba, daga ɗinkin ƙaramar salla sai na babba, sai na biki. Da rusau ya zo Zongo, katafila tana bakin layinmu muna kwashe kaya, na sauko da gafakar. Gara ta riga ni. Na zazzage ta a tafin hannu, ƙasa ce kawai da 'yan guntaye. Gidan da aka rushe bai ƙona mini rai kamar wannan ba.

To ga abin da na koya, a makare. Alƙur'ani yana da ladabinsa, ki koya musu shi, ki ajiye shi a inda ya dace. Sauran littattafai kuwa, wurinsu inda hannun Sadiku zai kai. Littafin da kika hana yaro taɓawa, gara ce za ta karanta shi.

Na Habibu ya fi wuyar rubutawa. Kina ƙarama lokacin, abin da kika sani kawai shi ne ba a kiran sunansa a gidanmu. Yaro ne mai cin littafi kamar tuwo. Ya gano masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a gefen babbar kasuwa, waɗanda ake ce wa par-ter, yana aro daga wurinsu yana mayarwa. Yawanci masu zane ne, mutane suna magana a cikin wasu ƙwai-ƙwai a kan kawunansu. Ni kuma na tsani wurin nan. Littafi a ƙasa, kusa da mai sayar da tsofaffin takalma, mutane suna tsallake shi! Na yanke a raina cewa abin da aka shimfiɗa a ƙasa babu albarka a cikinsa, ƙarya ce kawai ta nasara da ke hana yaro karatun gaske.

Wata rana ina neman ƙyalle a shago na sami littattafan nan nasa a ɓoye ƙarƙashin tarin ƙyallaye. Ga gawayin dutsen guga yana ci. Na juye garwashin a ƙofar shago na ɗora su a kai, yana tsaye. Ban manta abin da ya ce ba. Bai yi ihu ba, cewa ya yi, "Baba, ko ɗaya ba ka buɗe ba." Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ƙarya nake, ban hango komai ba, ko bangon farko ban ɗaga ba. Da na koma gida mahaifiyarku, Allah ya ji ƙanta, ta ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, takarda ka sa wa wuta ko yaro?" Na ce ta yi mini shiru.

Daga ranar Habibu ya zama yaron da kowane uba ke roƙo. In na aike shi ya tafi, in na kira ya ce na'am, ya durƙusa ya gaishe ni safe da yamma. Ina ta yi wa abokaina alfahari wai na gyara shi. Ashe ya riga ya bar gidan, gangar jikinsa kawai ke kwana a ciki. Bayan 'yan shekaru ya hau jirgin ƙasa zuwa Abijan, bai yi sallama da ni ba, da uwarsa kawai. Ni kuma girman kai ya hana ni nemansa. Na ce duniya za ta koro shi.

Duniya ba ta koro shi ba. Wani bawan Allah ne ɗan Zongon can ya zo mana da labarin tari ya kashe shi, ya kuma sauke wani kwali a tsakar gida, ya ce abin da ya bari ke nan. Na tambaye shi sana'ar me yake yi. Ya ce littattafai yake shimfiɗawa a ƙasa a bakin tasha yana sayarwa, yara suna kewaye shi, wanda ba shi da ko sisi ya bar shi ya zauna ya karanta a wurin. Kin san abin da na yi da kwalin? Na ɗora shi a kan armuwar. Sama dai, Uwata. Da muka ƙauro Tampuyi na sake ɗora shi a sama. Na ce wa kaina girmamawa ce, alhali tsoron buɗewa nake yi. Littafin wanki ne kika fizge a hannun Nafisa.

Washegarin Juma'ar nan na sauko da kwalin da kaina, bayana yana ƙara. Faransancina na aunin wuya da hannun riga ne, don haka na kai wa maƙwabcina Kabore, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda muke ce wa Mushe yadda ake kiran malamai da Faransanci. Muka zauna ƙarƙashin mangwaronsa, yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana gaya mini abin da ke ciki da Mosanci. Akwai na tafiye-tafiye a teku, akwai na tarihin ƙasashenmu kafin zuwan nasara, akwai na wani yaro ɗan ƙauye da ya zo birni neman ubansa. Na ce ya karanta mini wanda Nafisa ta ɗauka. Labarin wata yarinya ne da iyayenta suka ƙaura da ita garin da ba wanda ke jin harshenta, tana cin abincinta ita kaɗai a bayan aji. Mushe ya ɗaga kai ya ce, "Tela, jikarka ba wasa take yi ba, hanya take tambaya." Na juya fuskata wajen katanga don kada ya ga idona.

Saboda haka ga shawarata a kan Nafisa. Ki mayar mata da littafin nan da hannunki, kafin ku hau jirgi. An ce a can kowace unguwa akwai bibliyotek, gidan littattafai, ana ba da aro ba a biyan komai. Ki kai ta tun makon farko, kafin ma ki san hanyar kasuwa, ki bar ta ta zaɓa. Kada ki tara mata littattafan da yaran ciki duk salihai ne, ba sa fushi ba sa kuskure. Yaro yana gane ƙarya da wuri, in ya gane kuma ya daina yarda da mai ba shi. Ki nemo mata labaran masu shekarunta, waɗanda suka yi baƙunta, aka yi musu dariya, suka yi ƙawa suka ɓata, suka yi wa iyayensu laifi suka dawo. Ki haɗa mata da na mutanenmu, wanda baƙar fata ya rubuta a kan garuruwa irin namu, don kada ta ɗauka sai mai jan kunne ake sa wa a littafi.

Na soyayya kuma za ta karanta, ko kin so ko kin ƙi. In kin hana a takarda, yana nan cikin telefon, inda ba ki gani. Gara ki karanta wanda take karantawa, ko da kin dawo daga asibiti a gajiye, ko shafi kaɗan ne. Sai ki tambaye ta kuna wanke-wanke, "Ke, yarinyar nan ta labarin, me ya sa ta yarda da shi?" Abin da ba za ta iya gaya miki a kan kanta ba, za ta faɗa a kan yarinyar littafi, ke kuma ki buɗe kunne. Ban ce duk littafi na kirki ne ba, akwai na banza, Mushe ma ya ware guda biyu daga kwalin ya ce sai ta ƙara girma. In kin ga irin wannan, ki buɗe ki karanta, ki nuna mata wurin da ya ɓaci da dalilinki, ki saurari nata. Kada ta taɓa samun damar ce miki ko ɗaya ba ki buɗe ba.

Sadiku kuwa nasa mai sauƙi ne. Na je par-ter da ƙafata, ni da na rantse ba zan taka wurin ba. Na tsuguna a ƙasa da tsufana ina tonon littattafai, mai kayan yana kirana kaka da Mosanci yana cewa, "Yaaba, a hankali da gwiwa." Na samo masa masu kauri, masu manyan hotuna da magana kaɗan. Ɗaya akuya ce ta kuɓuce ta shiga kasuwa, ɗaya na zabo da 'ya'yanta, ɗaya na motoci don na san shi da son ƙara. Irin waɗannan za ki riƙa nema masa, abin da ya sani da ido da abin da zai sa shi dariya. Ki ɗora shi a cinya, ki bar shi ya juya shafin da kansa. Zai ce a maimaita na akuyar har ki tsani akuya, ki maimaita. Labaran annabawa ma akwai na yara, ki fara masa da na jirgin ruwa da dabbobi, da na jaririn da aka sa a kogi Allah ya tsare shi. Kada ki fara masa da wuta da azaba kamar yadda na fara muku. Ko me aka rubuta a ƙarƙashin hoton, ke ki faɗa masa da Hausa.

Wannan ya kawo ni kan laifin da na yi miki ke kanki. Kina aji biyu ko uku kika dawo daga lakwal da ƙashin jaki rataye a wuyanki, simbol, wai an kama ki kina Hausa da wata a filin wasa. Kina kuka, yaran layi suna bin ki suna kukan jaki. Maimakon in cire miki in rarrashe ki, sai na ƙara miki da bulala, na ce kin kunyata ni, daga yau Faransanci za ki riƙa yi har ki ci jarrabawa. Kin ci kuwa, kin zama ma'aikaciyar asibiti, ina alfahari da ke. Amma ga sakamakon: jikokina suna ce mini Yaaba kamar 'ya'yan Mosawa, suna gaishe ni da bonjur, in na yi musu wasan kaka da jika sai su dube ki ki fassara. Ina ce wa Nafisa matata, ba ta san me ake mayarwa ba, sai ta yi murmushin baƙo. A Wagadugu ke nan, inda ake jin Hausa a masallaci da kasuwa. Ina ga Kanada?

Na sa Alhajin da ke kawo kaya daga Maraɗi ya samo mini littattafan Hausa. Akwai na tatsuniyoyi, akwai na kacici-kacici da karin magana, akwai wani ɗan siriri a kan fatake da hanyoyinsu. Bai kai na kakanki daɗi ba, babu jakin nan a ciki, amma da babu gara ba daɗi. Waɗannan na gida ne gaba ɗaya. Ki zaɓi rana guda a mako, bayan an ci abinci, a kife telefon, har na Isufu, ki karanta da ƙarfi. Za ki yi tuntuɓe, su yi miki dariya. Ki bar su su yi, dariyar ce za ta riƙe su a wurin. In an zo kacici-kacici a raba gida biyu a yi gasa. Wanda ya gagare ku, ku kira ni a waya, in dai ina da rai zan ba ku amsa, amma sai an ba ni gari.

Na san abin da za ki ce, kilo. Kin riga kin gaya mini jirgi yana auna kaya, kin cika akwati guda da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ki rage su. Miya za ta ƙare cikin 'yan watanni ko kin ɗauki buhu. Cikin littattafan na cire masu nauyi da waɗanda suka ruɓe, na ɗinke sauran a cikin jakar atamfa mai ƙarfi, ɗinki biyu na yi mata. Watakila shi ne ɗinkina na ƙarshe, don da lalube na zura zaren.

Ba na yaudarar kaina, Uwata. Shekaruna sun yi nisa, Kanada ma ta yi nisa. Mai yiwuwa ganin da zan yi muku a filin jirgi shi ne na ƙarshe. Ba ni da gida a Zongo da zan bar muku, ba ni da takardun ubana, ɗana kuma yana kwance a ƙasar da ban taɓa takawa ba. Da na sani ƙeya ce. Abin da ya rage mini in ba ki shi ne jakar nan da kuskurena, ki yi amfani da duka biyun.

Akwai abu guda da ban gaya miki ba. Ranar nan, bayan kin fita, Nafisa ta dawo ɗaki ta tsaya kusa da ni. Ta haɗa 'yar Hausar da take da ita ta ce, "Yaaba, wane ne Habib?" Ya rubuta sunansa a bangon farko na kowane littafi. Na ce ta je uwarta na kira.

Za ta sake tambaya. In ta tambaye ki, ki gaya mata kawunta ne, mai son karatu kamarta. Ki gaya mata yadda ya bar gida da wanda ya sa ya bari, kada ki rufa mini asiri. In kun isa kun sami ɗaki, ki kwance jakar ki zube littattafan a ƙasa, kan tabarma ko abin da suke shimfiɗawa a can, yadda mai su yake yi. Sadiku zai yaga wani, na sani. Ranar da ya yaga, kada ki buge masa hannu. Ki liƙe shafin, ki kira ni ki gaya mini, in ji daɗi.

Allah ya kiyaye tafiyarku, ya sa ku sauka a sa'a. Allah ya tsare muku imaninku da lafiyarku, ya raya Nafisa da Sadiku, ya sa su zame muku sanyin ido. Allah ya ji ƙan mahaifiyarki, ya ji ƙan Habibu, ya sa ya yafe mini kafin mu haɗu. Ke ma ki yafe mini ƙashin jakin nan. Na yafe miki duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Tela Mamman na Zongo